Jirgin Oga Terna

Tun da hoton jirgin ruwan nan ya fara yawo a wayoyinku ban samu sakat a shago ba. Kowa ya leƙo sai ya ce, "Baba Ishaya, ashe abin ba wuya. Daɓe ka shimfiɗa, ka ɗaura inji biyu, shi ke nan." Wani ma cewa ya yi ya ga an yi irinsa a bidiyo cikin minti goma. To ni sati bakwai na yi a kansa, kuma na haura shekara talatin ina waldar alminiyam. Ku ja benci ku zauna.

Jirgin ya iso shagona a Mahuta a bayan akori-kura, sati guda bayan Ista, ruwan farko bai sauka ba. Na alminiyam ne, tsawonsa ƙafa goma sha huɗu. Shekara uku ya yi a kife a bayan gida, kaji na kwana a ƙarƙashinsa. Mai shi, Oga Terna, mutumin Binuwai ne, masunci. Da ƙyar ya sauko daga gaban motar, sanda a hannun dama, hannun hagu a lanƙwashe a ƙirji, ƙafar hagu yana janta. Shanyewar ɓarin jiki ce ta kayar da shi. Matarsa ta biyo shi a baya, Maman Dooshima, mai sayar da bandar kifi a bakin titin Gonin Gora, doguwa kakkaura, fuskarta a ɗaure.

"Baba, an ce kai ne ka san alminiyam," in ji shi. Maganar tana fita ta gefe ɗaya na bakinsa amma ana ji sarai. "Ba zan iya jan igiyar injin fetur ba. Ba zan iya tuƙi da hannu ɗaya ba. 'Yata Dooshima da ke aikin jinya a Legas ta aiko min waɗannan."

Aka sauke kwalaye biyu. Injinan jirgi ne ƙanana masu aiki da batir, na gwanjo, amma da sauran ƙarfinsu. Danna maɓalli kawai, farfela ta juya.

"Ina so in koma ruwa," ya ce. "Ka yi min ƙasa shimfiɗaɗɗiya, kada ƙafar nan ta riƙa sarƙewa a haƙarƙarin jirgi."

Matar ta kau da kai.

Abu na farko da na yi ba walda ba ne. Duro huɗu na jera, muka ɗora jirgin a kai, na zuba ruwa a ciki kamar tsawon tafin hannu. Kada ku cika shi. Jirgi an ƙera shi ne ruwa ya matsa shi daga waje, in ka loda masa nauyi daga ciki yana kan duro, sai ya buɗe kamar kwano. Na shiga ƙarƙashi da alli na kwanta rigingine. Duk inda ɗigo ya fito in zagaye shi. Jirgin nan da ƙusoshin ribit aka haɗa shi, sun fi ɗari biyar, na samu arba'in da ɗaya suna kuka. Waɗansu sai ka yi minti biyar kana kallo kafin ɗigo ɗaya ya taru. Akwai kuma tsaga a baya, inda tsohon injin fetur ya yi shekaru yana girgiza, wani ya shafe ta da kwalta.

Ribit ɗin da ya yi sako-sako ba walda yake so ba. Mutum biyu yake so: ɗaya ya tokare kansa da dunƙulen ƙarfe, ɗaya ya buga daga ɗaya gefen, bugu biyu ko uku, ba ƙari. In ka wuce, ka faɗaɗa ramin. Oga Terna da kansa ya riƙe min dunƙulen da hannunsa mai lafiya, yana zaune a kujerar roba. Kullum sai ya hau keke napep ya zo. Kwana huɗu muka yi muna bi ɗaya bayan ɗaya, a nan na ji tarihinsa. A masaƙa ya yi aiki a Kakuri, sashen rini. Shekarar da aka rufe masaƙu ya kwashe ɗan abin da ya tara ya sayi jirgin a gwanjon wani kamfanin gina gada, ya koma sana'ar ubansa.

Na san shekarar nan. Ni ban yi aikin masaƙa ba, amma da ita nake ci. Ma'aikatanta ne ke kawo min tagogi da ƙofofi, direbobinta ke kawo lagireto da murfin inji. Da aka kulle ƙofofin nan, sai in buɗe shago tun safe har yamma ba wanda ya tsaya ko tambayar farashi. Na sayar da injin waldana mai aiki da iskar agon, wanda na yi shekara shida ina tara kuɗinsa. Na koma bayan gida ina narkar da gwangwani da tsofaffin fistin ina zuba tukwane, matata tana kaiwa kasuwa. Shekara biyu ina haka kafin na sake sayen wani injin. Amma a zuba tukwanen nan na ƙara sanin halin alminiyam, wane ne mai tauri, wane ne mai gautsi, wane ne aka gauraya da tarkace. Yanzu in na ƙwanƙwasa faranti da ɗan yatsa, kunnena ya kan faɗa min rabin labarinsa.

A rana ta biyar Maman Dooshima ta zo ita kaɗai, da tsakar rana, lokacin da ta san mijin yana asibiti wajen gashin ƙafa. Ta ajiye min ƙunshin banda a kan teburi. Ta ƙi zama.

"Baba, alfarma na zo nema. Ka ce masa jirgin ba zai gyaru ba."

Na kashe injin giranda. "Zai gyaru, Madam."

"Na sani. Shi ya sa na zo." Ta gyara ɗaurin zaninta. "Ni na ɗauke shi daga ƙasa ranar da ya faɗi. Ni na yi wata takwas ina masa wanka. Mutumin da ba ya iya ɗaure maɓallin rigarsa, in jirgi ya sha ruwa a tsakiyar kogi yaya zai yi? Da na hana shi, ya daina cin abinci. Kai in ka faɗa, zai yarda. Ka ce ƙarfen ya ruɓe."

Maganarta ba ta banza ba ce, kuma na faɗa mata haka. Amma na ce ba zan yi ba, na kuma gaya mata dalili.

Maigidana da ya koya min aiki, Oga Gyang, mutumin Jos ne, shagonsa a Kakuri. Wata shida na yi a wurinsa ba abin da nake taɓawa sai buroshi. Alminiyam yana da wata fata a samansa da ido ba ya gani, in ba ka kankare ta da buroshin silba mai tsabta ba, waldarka za ta zauna a kai ne kawai kamar majina. Sannan baƙin ƙarfe yana da kirki, in ya yi zafi sai ya yi ja ya gargaɗe ka. Alminiyam ba ya ja. Yana nan fari fat, kana ganin lafiya, sai kawai ya zube ya bar maka rami. Ranar da Oga Gyang ya fara ba ni aikin kwastoma, murfin injin wata tasi ne, na huda shi rami kamar bakin kofi. Na ce masa mu gaya wa direban dama can a fashe yake. Bai zage ni ba. Ya zaunar da ni a bakin shago da murfin a cinyata har direban ya dawo, ya ce, "Faɗa masa da bakinka." Na faɗa. Direban ya yi ta masifa har mutane suka taru. Bayan ya tafi Oga Gyang ya ce min, mutum yana kawo maka kayansa ne saboda shi bai san cikinsa ba, kai ka sani. In ka yi masa ƙarya a kan ƙarfe, ka sace masa idonsa.

"Don haka ba zan ce ya ruɓe ba," na ce mata. "Amma ga abin da zan iya. Zan yi jirgin da ko ya cika da ruwa har baki ba zai nutse ba, ba zai kife ba. Ranar gwaji ki zo ki gani. In bai yi miki ba, ni da kaina zan ce wa Oga Terna kada ya shiga, a gabanki, kuma gaskiya zan faɗa."

Ta dube ni. "Jirgin ƙarfe ya cika da ruwa ya ƙi nutsewa?"

"Ki zo ki gani."

Ta tafi, ta bar bandar.

Daga ranar aikin ya canza. Tsagar baya na fara yi. Na wanke kwaltar da fetur, na kankare har ƙarfe ya yi ƙyalli, na huda ɗan rami a kowane ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba da tafiya, sannan na yi walda kaɗan-kaɗan, in ɗiga nan in koma can, ina barin wuri ya huce. Farantin jirgi bai fi kaurin murfin tukunya ba. In ka bi shi da wuta a jere, sai ya murɗe. Na ƙara wani faranti mai kauri a baya inda injinan za su zauna.

Daɓen kuwa, Oga Terna ya so katako, don ya fi araha. Na ƙi. Katakon da ake sa wa maganin gara yana cin alminiyam, shekara ɗaya ka ga ƙananan ramuka kamar an yayyafa gishiri. Haka ma ƙusar baƙin ƙarfe. Duk inda baƙin ƙarfe ya haɗu da alminiyam a cikin ruwa, alminiyam ne ke mutuwa. Na je kasuwar Panteka na yi kwana biyu ina juya tarkace har na samu faranti mai ƙurji-ƙurji, irin wanda ake sa wa matakalar bas, ƙafa ba ta zamewa a kai. Na yi masa firam mara tsayi, don duk yatsa ɗaya da ka ɗaga daɓe ka ƙara wa jirgi rawa. Na raba shi gida uku, kowanne ana iya ɗaga shi a duba ƙasa. Na dasa kujera mai majingini da madafa a gefen dama, da sandar kamawa daga kujerar har gaba.

Sai maganar hana nutsewa. Lissafin ba shi da wuya: iskar da ta cika lita ɗaya tana ɗaga kilo ɗaya a ruwa. Na kai komai kan sikelin 'yan gwangwan, farantan daɓe, injina, batir, har Oga Terna sai da ya hau, yana dariya yana cewa an mai da shi tarkace. Na tara jarkokin man gyaɗa daga masu shago, na wanke, na liƙe murafensu da gam, na danna kowacce a duron ruwa in ga ko za ta yi kumfa. Ban sa soson katifa ba. Soso shan ruwa yake yi, ya zama dutse.

A nan na kusa yin kuskuren da zai kashe mutum. Niyyata in jera jarkokin duka a ƙarƙashin daɓe, wuri ne a sarari, ba mai gani. Amma wani abu ya riƙa damuna, sai na ɗauki kwanon awo na liƙa masa guntun farin abin nan da ake naɗe firji da shi a gindi, na cika shi da ruwa a cikin duro. Bai nutse ba. Juyawa ya yi, gindi sama. Na sake, ya sake juyawa. Iska in tana ƙasa, sama take so ta koma, ta kuwa kifar da duk abin da ke kanta. Da na mai da guntayen bakin kwanon, sai ya tsaya daram da ruwa a cikinsa. Dole na warware aikin kwana uku. Na bar jarkoki kaɗan a ƙasa, na ƙera akwatuna dogaye a gefe da gefe har bakin jirgi, da ɗaya a hanci, biyu a baya, na cusa su da jarkoki da farin abin nan.

Wuta ba fannina ba ce, ban kuma taɓa jin kunyar faɗa ba. Na kira Madam Rahila, mai shagon sola a Narayi, wadda ta yi shekaru tana haɗa wa asibitoci da coci-coci wuta. Rana ɗaya muka yi faɗa sau biyu. Ta ɗauko baƙar waya za ta ɗaure a jikin jirgi.

"Madam, me za ki yi?"

"A mota haka ake yi, Baba."

"Mota ba ta kwana a ruwa. In wuta ta bi jikin jirgin nan, kafin Kirsimeti ya zama rariya. Kowace waya ta je ta dawo da ƙafarta."

Ta tsaya ta yi tunani, ta ce na yi gaskiya. Ba a jima ba ta ga akwatin batir da na ƙera, a tsakiyar jirgi, a rufe ruf ko iska ba ta shiga, ina ta alfahari da shi.

"Wa kake so ka gasa?" ta ce. "Batir numfashi yake yi. Huda masa hanci ta sama. Wannan wayar da ka sayo kuma ta fitilar ɗaki ce, minti goma za ta narke."

Na huda, na mai da wayar. Ta sa wa kowane inji fis ɗinsa da batir ɗinsa, in ɗaya ya mutu ɗayan ya kawo mutum gida. Ni kuma na haɗa injinan biyu da sanda ɗaya, hannu ɗaya ya juya su tare, maɓallin yana daidai babban yatsa. Ta ƙara wata igiya da ake ɗaurawa a wuyan hannu, in mutum ya faɗi ta fizge, injin ya tsaya. Fayafayan sola kuwa a kan rumfar masunta da ke gaɓa ta kafa su, don ba mai hannu ɗaya da zai riƙa ɗaukar batir zuwa gida.

Ranar gwaji Asabar ce da safe, a gaɓar da ke ƙasan Kudenda. An yi ruwa sau huɗu, kogi ya fara ja ya fara gudu. Masunta abokan Oga Terna sun taru. Maman Dooshima ta zo, ta tsaya nesa a kan tudu, hannuwa a harɗe.

Na cire injina da batir, na ɗaure bulo daidai nauyinsu a inda suke zama. Na ɗaura doguwar igiya a hanci na ba masunta uku. Na cire takalmi na shiga, na zauna a kujerar Oga Terna, aka tura ni har inda gora ba ta taɓa ƙasa.

"Baba Ishaya!" Muryarta ce daga tudu. "Ka iya ruwa?"

"Ban iya ba, Madam! Ni mutumin dutse ne, daga Kagoro!"

Gaskiya ce. Ban ce ku kwaikwaya ba. Sau uku na yi lissafin nan, ga kuma kwalekwale biyu a kusa da ni. Na sunkuya na zare toshiyar ramin fitar da ruwa da ke baya, ruwa ya fara bulbulowa. Na ɗauki bokiti ina ƙara masa da hannuna. Ya rufe daɓe. Ya kai idon sawu. Ya kai ƙwauri. Sanyinsa ya shiga wandona, hayaniyar gaɓa ta mutu. Jirgin ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ruwa ya hau kujera ya jiƙa min ƙugu, sannan ya tsaya. Na zuba bokiti biyar, bai ƙara ko yatsa ba, abin da na zuba ta ramin baya yake fita. Bakin jirgi yana sama da kogi kamar tafin hannu, gaba da baya daidai.

Na kama sanda na miƙe. Na koma gefen dama na jingina da duk nauyina. Ya karkata, ya dawo. Na koma hagu. Ya karkata, ya dawo. Sai na zauna na harɗe ƙafa a cikin ruwan, na ce su bar ni haka minti goma.

Da aka jawo ni, Maman Dooshima ta riga ta sauko, tana tsaye cikin ruwa har gwiwa da zaninta. Ta kama bakin jirgin da hannu biyu ta danna da ƙarfinta, kuma ƙarfi gare ta. Ya nutsa kaɗan ya taso. Ta sake. Ta juya ta dubi mijinta, ta yi masa magana da yarensu, gajeriya. Ban ji ba, amma na ga ya sunkuyar da kai yana gyaɗawa.

"Me ta ce?" na tambaye shi.

"Ta ce rigar hana nutsewa. Kullum. Ranar da ta ga na cire ta, da gatari za ta fasa jirgin."

"Ni zan ara mata gatarin," na ce.

Aka mai da toshiya aka kwashe ruwa, Madam Rahila ta mai da batir da injina. Mutum biyu suka taimaka masa ya shiga. Ya ja ƙafarsa a kan daɓen, ba abin da ya tare ta, ya zauna, ya ɗaura igiyar a wuyan hannu. Ya danna. Ba ƙara, ba hayaƙi, sai ɗan zuu kamar fanka. Jirgin ya fita ya fuskanci gudun ruwa, ya haura a hankali har wajen duwatsu, ya yi kwana mai faɗi ya dawo. Masunta suna ta ihu. Shi kuwa ya sake juyawa ya tafi zagaye na biyu.

Na ɗauka aiki ya ƙare. Bayan sati uku sai ga Maman Dooshima a shago, da tarwaɗa biyu manya a bokiti suna motsi.

"Na Oga ne?" na ce.

"Namu ne. Shi tuƙi ya iya, amma wa zai ja masa komar kifi, shi da hannu ɗaya? Na bar wa ƙanwata teburin banda da safe." Ta ajiye bokitin. "Bayana ya gaji da zama a kan akwatin hanci. Ka zo ka dasa min kujera irin tasa, mai majingini."

Na ɗauko tef ɗin awo daga ƙusa.

"Ka yi ta da faɗi, Baba," ta ce. "Ni ba ƙaramar mace ba ce."